Yadda Ake Zaga Birnin Rum da Bas Mai Buɗaɗɗen Sama

A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wasu manyan motocin bas masu hawa biyu, samansu a buɗe, waɗanda ba su da aikin da ya wuce zagayawa da baƙi wuraren tarihi. Tikiti ɗaya za ka yanka. Ka hau a tashar da ta fi maka kusa, ka sauka inda ranka ya so, in ka gama kallonka ka dawo ka jira ta baya ta kwashe ka. Kamfanoni da yawa ne ke harkar, irin su Big Bus, City Sightseeing, I Love Rome da Green Line Tours, kuma kusan hanya ɗaya suke bi, da tashoshi wajen takwas: Termini (babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin), Santa Maria Maggiore, Colosseo (katafaren filin wasan Rumawan dā), Circo Massimo, Piazza Venezia, Vaticano (wato Batikan, mazaunin Fafaroma), sai gefen Villa Borghese da Piazza Barberini, sannan a koma Termini. Zagaye ɗaya ba tare da sauka ba yana cin awa ɗaya da minti 40 zuwa awa biyu, gwargwadon cunkoson hanya.

Abu biyu ne mai niyyar hawa zai sa a ransa tun yana gida, domin yawancin masu dawowa suna cizon yatsa a nan suka yi tuntuɓe. Na farko, motar ba ta shiga ƙwaryar tsohon gari. Lungunan can matsattsu ne, an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu, da yawansu ma an hana mota bi. Pantheon (tsohon wurin bautar Rumawa da ya koma majami'a), maɓuɓɓugar Trevi, Piazza Navona da matakalar Spagna, babu wadda motar za ta kai ka bakinta. A gefe take ajiye ka, ƙafarka ta ƙarasa. Na biyu, zagayen fuska ɗaya yake kallo. In ka sauka a Vaticano kana son komawa Colosseo, ba motar da za ta juya da kai. Sai ka bi ta Barberini, ka dakata a Termini, ka wuce Santa Maria Maggiore, tafiyar da kan kai awa guda. Saboda haka ranarka ce za ta bi tsarin zagayen, kuma duk abin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Fara da tikitin wuraren da ke da lokaci

Tikitin bas ba ya ƙarewa, ko a bakin motar za ka samu. Waɗanda ke ƙarewa su ne na shiga Colosseo, na gidajen tarihin Batikan, da na Galleria Borghese, gidan adana zane-zane da sassaƙa. Duka ukun da ƙayyadadden lokacin shiga ake sayar da su, kuma wanda ya makara sosai yana iya rasa kuɗinsa. Su za ka fara yanka ta intanet, makonni kafin tafiya in da rani ne ko lokacin bikin Ista, sannan ka ɗora zirga-zirgar bas a kansu.

Tikitin Colosseo na yau da kullum Yuro 18 ne a shafin hukumar wurin, kuma ya haɗa da kufan tsohuwar kasuwa da majalisar Rum, wato Foro Romano, da tudun Palatino. Tun 2023 ana rubuta sunan mai shiga a jikin tikitin, kuma ana duba shi da fasfo a bakin ƙofa. Rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a fasfo. Wanda fasfonsa ke ɗauke da Muhammad ya rubuta Mohammed ya jawo wa kansa dogon bayani a gaban mai gadi. Na gidajen tarihin Batikan Yuro 20 ne, sai ƙarin Yuro 5 na kama gurbi ta intanet, kuma wannan Yuro 5 ɗin ya cancanci a biya, domin layin marasa tikiti yakan miƙe a jikin ganuwa har ya sha kwana. Shafukan dillalai da yawa suna kama da na hukuma, su ninka kuɗin. Duba adireshin shafin da kyau kafin ka sa katinka.

Kada ka haɗa Colosseo da gidajen tarihin Batikan a yini ɗaya in kana da kwana biyu. Kowannensu yana cin awa uku ko fiye, duk a tsaye.

Ranar da ka zaɓa tana canza hanya

Laraba da safe, in Fafaroma yana gari, yana ganawa da jama'a a dandalin San Pietro da ke Batikan. Unguwar takan cika, kuma babbar majami'ar takan kasance a rufe ga masu yawon buɗe ido har wajen tsakar rana. Lahadi gidajen tarihin Batikan a rufe suke, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar kuwa layin ba ya misaltuwa. Lahadin farkon wata kuma gidajen tarihin gwamnatin Italiya ne ke buɗewa kyauta, har da Colosseo, da irin wannan turmutsutsu. Galleria Borghese ba ta buɗewa ran Litinin.

Akwai kuma ranakun da ake toshe tituna: faretin soja na 2 ga Yuni, gudun famfalaki na watan Maris, makon Ista, da duk ranar da aka yi zanga-zanga, wadda sau da yawa ta Piazza Venezia ko Circo Massimo take bi. A irin waɗannan ranaku motocin sukan karkata hanya su tsallake tasha ɗaya ko biyu, kuma ba kasafai ake mayar da kuɗi saboda haka ba. Talata da Alhamis sun fi sauƙi. Tambayi mai sayar da tikiti kai tsaye ko akwai tashar da aka rufe yau, kafin ka biya.

Yankan tikitin motar

Ana sayar da na zagaye ɗaya ba sauka, na yini, na awa 24, na 48 da na 72. Na awa 24 na babban mutum yawanci tsakanin Yuro 25 da 40 yake, na yara ya fi sauƙi, kuma saye ta intanet yakan rage wani abu. Ga mai kwana biyu ko uku a gari, na awa 24 ya wadatar in aka yi dabara. Tabbatar cewa daga lokacin da ka fara hawa ake ƙirga awannin, domin tikitin "yini" yana mutuwa da motar ƙarshe ta wannan rana komai lattin da ka fara. In na awa 24 ne na gaske, fara hawa da ƙarfe 1:00 na rana: ka samu yammacin yau da safiyar gobe a kuɗi ɗaya.

Motocin suna fara aiki wajen ƙarfe 9:00 na safe, su tashi wajen 7:00 na yamma, da hunturu kuma kafin haka. Abin da za ka tambaya shi ne lokacin da motar ƙarshe ke barin tashar da kake niyyar ƙarewa, domin lokacin da ke jikin takarda sau da yawa na Termini ne. Tazarar da kamfanoni ke faɗa tsakanin mota da mota minti 10 zuwa 20 ce. Da tsakar rana lissafa minti 30.

A gaban tashar jirgin ƙasa ta Termini za ka haɗu da 'yan kamasho riƙe da taswira, kowa na jan ka zuwa motar kamfaninsa, kamar dai a tashar mota ta gida. Da yawansu wakilai ne na gaskiya, amma biya a inda za a ba ka rasit mai sunan kamfani. Riƙe wannan sunan da launin motar a kai. Tikitin wani kamfani ba ya aiki a motar wani, tashoshinsu kuma suna maƙwabtaka da juna, har mutum ya share minti 20 a layin da ba nasa ba. Wanda ya saya ta intanet zai nuna lambar QR a hawan farko, wasu kamfanonin su ba shi 'yar takarda. Adana ta, ita za a nema a kowane hawa. Ɗauki hoton lambar a waya tun kana masauki, kada ka dogara da samun intanet a bakin titi.

Abin da za ka ɗauka

Takalmin kambas mai kaurin ƙasa shi ne na farko. Duwatsun titunan ba su daidaita ba, suna santsi in an yi ruwa, kuma ko da bas ɗin za ka taka kilomita 8 zuwa 10 a yini. Sai hula mai baki ko malfa wadda iska ba za ta fizge ba, da gilashin rana. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan haura maki 35, kujerun sama kuma suna ɗaukar zafi sosai. Wanda ya saba da rana ma yakan galabaita, domin zama ne wuri ɗaya a cikin gosulo ba inuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa iskar sama tana ratsa ƙashi, sai da rigar sanyi. In hadari ya haɗo, rigar ruwa ta leda ta fi lema, domin lema a saman mota tana tare wa na baya gani, iska kuma ta karya ta.

Ɗauki gorar ruwa ta roba wadda ba kowa a ciki. Birnin yana da famfunan titi na baƙin ƙarfe wajen 2,500, ana ce musu nasoni, tun shekarun 1870 ake kafa su, ruwansu mai sanyi ne mai tsafta, kuma kyauta. Akwai ɗan rami a saman bututun: toshe bakin ƙasa da yatsa, ruwan zai tsarto sama ka sha ba tare da ka sa baki ba. Inda ka ga an rubuta non potabile, wannan ba na sha ba ne.

Jaka ƙarama, mai zif, wadda za ka rataya ta gaba. Ana hana shiga Colosseo da manyan jakunkuna da kwalaben gilashi, kuma babu wurin ajiya. Mata da maza duka su sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, domin majami'u suna mayar da mutum daga ƙofa a kan wannan. Mai hijabi ko doguwar riga ba shi da matsala, sai dai namiji yakan cire hula in ya shiga majami'a.

Hawan farko

Hau a Termini in da hali. A nan motoci ke sauke yawancin fasinjoji, a nan ne kuma ka fi samun kujerar sama. Za a ba ka iyafis a bakin ƙofa. Kowace kujera tana da ramin sa shi da maɓallin zaɓen harshe da na ƙara. Akwai Turanci da Faransanci a cikin harsunan. Gwada ramin kafin motar ta tashi, domin ba ƙaramin adadi ne suka lalace ba, kuma canza kujera ya fi sauƙi tun ana tsaye. Bayanin naɗaɗɗe ne, wani lokaci yakan riga wurin ko ya makara in cunkoso ya riƙe motar, don haka buɗe taswira a cinyarka kana bi.

Zauna a ɓangaren dama. A hanyar da yawancin motocin ke bi, ta dama Colosseo, tudun Palatino da filin Circo Massimo ke fitowa. Kada ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto mota na tafiya: rassan bishiyoyin gefen titi suna sauka ƙasa-ƙasa, direba kuma yana taka birki ba zato saboda babura. Riƙe waya da hannu biyu. In za ka sauka, gangaro ƙasa tun kafin a iso tashar, kana riƙe da ƙarfen matakala. Masu keken guragu da masu keken jarirai a hawan ƙasa ake ajiye su. Babu banɗaki a cikin motar.

Shawarar da ta fi amfani ita ce ka yi zagaye ɗaya cikakke ba sauka a yammacin farko. Awa biyun nan za su nuna maka inda kowace tasha take, wane gefen titi ake jira, da wuraren da suka ja hankalinka. Washegari sai ka sauka a wuri uku, in ya yi yawa huɗu. Kowace sauka tana cin kuɗinta a jira, kuma mai son sauka a duk takwas ɗin zai ƙare yininsa a bakin titi.

Tasha bayan tasha

Santa Maria Maggiore tafiyar minti 10 ce a ƙafa daga Termini, ba sai ka ɓata hawa a kanta ba. Majami'ar tun ƙarni na 5 take, kuma a cikinta aka binne Fafaroma Francis a watan Afrilun 2025, abin da ya ƙara mata baƙi.

Colosseo ita ce tashar da ta fi cika. Sarki Vespasian ne ya fara ginin wajen shekara ta 72 miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000. Motocin suna tsayawa a titin Via di San Gregorio, 'yan mintuna daga ƙofa, ka wuce ta gefen babbar ƙofar tunawa da Sarki Constantine ta shekarar 315. Iso minti 30 kafin lokacin tikitinka saboda binciken jaka. In tikitinka na sassafe ne, kada ka jira bas ɗin, domin wurin yana buɗewa kafin motoci su fara aiki. Shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B, tasha biyu ne daga Termini. Bayan ka fito, shiga Palatino ta ƙofar da ke kan Via di San Gregorio, ka gangara zuwa Foro Romano. Ta haka gangara za ka yi maimakon hawa. Inuwa kaɗan ce a ciki, cika gorarka a famfunan wurin. A waje kuma akwai masu ɗaura wa mutum zare a wuyan hannu da sunan kyauta, da masu shigar sojojin dā suna kiran a ɗauki hoto. Duka kuɗi za su nema daga baya. Ka ce "no, grazie" ka ci gaba da tafiya, kada ka miƙa hannu.

Matsalar wannan tasha a komawa take. Da rana motoci kan iso a cike, su ɗauki mutum biyar su bar talatin. In ka ga mota biyu sun wuce ba ka samu shiga ba, taka zuwa tashar Circo Massimo, minti 10 ne, layinta kuma gajere.

Circo Massimo filin sukuwar karusan dawaki ne mai tsawon mita 600, yau fili ne na ciyawa da ƙasa, kuma daga saman mota ya fi kyan gani, da kufan fadojin sarakuna a bayansa. Ba lallai ka sauka ba, sai in kana son hawa tudun Aventino zuwa lambun lemo, inda ake hango birnin daga sama.

Piazza Venezia ita ce tashar da ta fi kowace amfani. Farin ginin nan mai girma, Vittoriano, an buɗe shi a 1911 don tunawa da Vittorio Emanuele II, sarkin farko na haɗaɗɗiyar Italiya. A bayansa akwai dandalin Campidoglio wanda Michelangelo ya tsara. Zaga ta bayan ginin majalisar birni za ka hango Foro Romano gaba ɗaya daga sama, ba ko sisi. Ana aikin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layin C a tsakiyar dandalin tun 2023, shi ya sa cunkoson wurin ya ƙaru, kuma tsallaka titi sai da lura.

Daga nan bar motar ta tafi, ka yanki gari da ƙafa. Minti 10 zuwa 15 za su kai ka Pantheon, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Hadrian wajen shekara ta 125. Faɗin ƙubbarsa mita 43.3 ne, ta kankare ce ba ƙarfe a ciki, tana da buɗaɗɗiyar kafa a tsakiya mai faɗin kusan mita 9. Ruwan sama yana shiga ta nan, kuma in ka duba daɓen a ƙarƙashinta za ka ga ƙananan ramukan da ke shanye shi. Tun Yulin 2023 ake biyan kuɗin shiga. Minti 5 gaba sai Piazza Navona, inda maɓuɓɓugar koguna huɗu ta masassaƙi Bernini take tun 1651. Dubi mutum-mutumin da ke wakiltar kogin Nilu: an lulluɓe kansa da ƙyalle, domin a lokacin Turawa ba su san mafarin kogin ba. Daga Navona ka fita ta arewa zuwa bakin kogin Tevere, 'yan mintuna kaɗan, ka tarar da tashar Vaticano ta motocin. Wannan yanki na ƙafa bai kai kilomita biyu ba, kuma a cikinsa ne mafi kyawun birnin yake.

Sunan tashar Vaticano yana ruɗar mutane. Yawancin motocin suna tsayawa ne a wannan ƙetaren kogi, daura da Castel Sant'Angelo, ginin da aka fara a matsayin kabarin Hadrian, aka gama a shekara ta 139. Sai ka haye gada, ka bi titin Via della Conciliazione, kusan kilomita guda, kafin ka isa dandalin San Pietro. Ƙofar gidajen tarihin kuma ba a dandalin take ba: tana kan titin Viale Vaticano, wani kilomitan kuma, a zagaye ta jikin ganuwa. Mai tikitin ƙarfe 10:00 ya sauka daga mota kafin 9:15, ko kuma ya bi layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Ottaviano, wadda ta fi kusa nesa ba kusa ba. A ɗakin ibada na Sistina, da ake shiga ta cikin gidajen tarihin, wanda Michelangelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512, an hana ɗaukar hoto da surutu. Shiga majami'ar San Pietro kyauta ne, layin bincike ne ke cin lokaci, kuma ya fi gajarta da sassafe, domin tun ƙarfe 7:00 ake buɗewa. Hawa ƙubbarta da kuɗi ne, matakala 551. Lif yana rage wasu, amma 320 na ƙarshe sai da ƙafa, a matsattsiyar hanya mai karkata. Mai ciwon gwiwa, ciwon zuciya ko tsoron matsi ya haƙura da shi.

Tashar gefen Villa Borghese ta masu son hutawa ce a inuwar lambu, ko masu tikitin Galleria Borghese, inda ake ba kowane rukuni awa biyu.

A Piazza Barberini kana da hanya biyu. Titin Via Sistina zai kai ka kan matakalar Spagna ta sama, ka gangaro matakala 135 maimakon ka hau su. An gama ta a 1725, kuma tun 2019 an hana zama a kanta; 'yan sanda na hura usur, tarar tana iya kai Yuro 250. Ɗaya hanyar, ta Via del Tritone, minti 10 ce zuwa Trevi, wadda aka kammala a 1762. Tsabar kuɗin da ake jefawa a ciki ƙungiyar agaji ta Caritas ake ba. Yanzu ana ƙayyade yawan masu sauka bakin ruwan, kuma tun Fabrairun 2026 baƙi na biyan Yuro 2 don matsawa kusa. Kallo daga dandalin kyauta ne. Shiga ruwan ko tsoma ƙafa laifi ne mai tara.

Ci, salla da banɗaki

Shahararrun taliyar Rum uku, carbonara, amatriciana da gricia, duka da naman alade ake yin su, wanda ake kira guanciale. Sauran sunayen da za ka kiyaye a takardar abinci su ne pancetta, prosciutto, salsiccia, porchetta, lardo da strutto, wanda kitsen alade ne da ake sa wa wasu burodi da kayan fulawa. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai, pizza margherita kuma tumatir da cuku. Tambayar da za ka yi ita ce "c'è maiale?", wato akwai alade. Gidajen abinci na halal sun fi yawa a kewayen Termini da Piazza Vittorio, unguwar Esquilino, inda kuma ake samun ƙananan masallatai. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995 kuma yana cikin mafiya girma a Turai, ba ya kan hanyar motocin. Bi layin A zuwa Flaminio, ka shiga jirgin ƙasa mai zuwa wajen Viterbo, ka sauka a Campi Sportivi. Mai son Juma'a a can ya ware mata rabin yini, kada ya ƙona awannin tikitin bas a kanta. Lokutan salla suna motsi sosai: ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 8:45 na dare, a Disamba kuwa kafin 5:00 ta faɗi.

Banɗakin jama'a kaɗan ne. Yi amfani da na gidajen tarihi kafin ka fita, ko ka shiga shagon kofi ka sayi wani abu. Shan kofi a tsaye a kan kanta ya fi zama a tebur araha sosai, musamman a manyan dandali.

In abu ya karkace

Ajiye jirgin ƙarƙashin ƙasa a matsayin madadi. Tikitin kamfanin sufurin birni, ATAC, Yuro 1.50 ne, yana aiki minti 100 a bas-bas na gari tare da shiga jirgi sau ɗaya, kuma ana iya taɓa katin banki a ƙofa. Tikitin takarda sai an buga shi a na'ura in ka shiga bas, in ba haka ba jami'an bincike za su ci ka tara ko da ka saya. Tikitin motar yawon buɗe ido ba ya aiki a nan. Daga Ottaviano zuwa Colosseo da jirgi, da canji a Termini, kusan rabin awa ne, rabin abin da zagayen bas zai ci. Ana yawan yajin aikin sufuri a Italiya, galibi ran Juma'a, kuma ana sanarwa kwanaki kafin ranar. Motocin yawon buɗe ido na 'yan kasuwa ne, sukan ci gaba da aiki, amma tituna kan cushe fiye da kullum.

'Yan sane sun fi ɓarna a Termini, a cikin layin A, da bas mai lamba 64 da 40 masu zuwa Batikan, sai kuma lokacin turereniyar hawa mota. Kada ka sa waya ko walat a aljihun baya ko aljihun gefe na kaftani, wanda bakinsa a buɗe yake. Fasfo ya zauna a aljihun ciki, hotonsa kuma a waya da wata takarda daban a masauki. Lambar gaggawa 112 ce. Wanda aka sace wa fasfo ya je ofishin 'yan sanda ko na Carabinieri ya shigar da rahoto, wanda suke kira denuncia, ya karɓi kwafi mai hatimi, sannan ya kai ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru duk suna da nasu a Rum.

In kuna tafiya rukuni, ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku hau, domin mota cikakkiya takan ɗauki rabin iyali ta bar rabi. Wanda ya samu shiga ya sauka a tasha ta gaba ya jira. Yara kuma a sa wa kowannensu 'yar takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar uba ko uwa, haɗe da lambar ƙasa a gabanta.